Laimar Kwaɗi a Bayan Ɗakina

Ni dai tun da na ajiye aikin koyarwa ban zauna ba. Akwai wani ɗan fili a bayan ɗakina a gidanmu na Fagge, tsakanin katanga da tankin ruwa, wanda bai wuce a shimfiɗa tabarma huɗu ba. Da can nan ake jibge karyayyun kujeru da fasassun bokitai. Na sa aka kwashe su, na kafa zogale biyu, na jera tsofaffin buhuna cike da ƙasa, na shuka attaruhu da tumatir da ɗoɗɗoya da sauran ganyen miya. Malam, maigidana, gandu yake kiran wurin don ya tsokane ni. In ya dawo daga Kantin Kwari da yamma sai ya leƙo ya tambaya ko za a nemo tirela ranar girbi. Ba na kula shi. Miyar da yake sha har yana neman ƙari ai daga nan take fitowa.

Matsalar wurin ɗaya ce, ƙasar ba ta riƙe ruwa. In na yi ban ruwa da safe, kafin azahar ta bushe ƙayau. Ƙawata ce ta kawo mini maganin abin. Fiye da shekara ashirin muka yi muna koyarwa a firamare ɗaya, bango ɗaya ne tsakanin ajina da nata, ina jin faɗanta tana jin nawa. Ibo ce, amma a Sabon Gari aka haife ta, in tana magana a waya ba mai cewa ba 'yar Fagge ba ce. Kowa Maman 'Yan Biyu yake ce mata, ni ma haka nake kiranta, ita kuma tun kafin in je Makka take ce mini Hajiya. Mijinta kafinta ne. Ita ta ce in riƙa rufe gindin shuka da ɓarɓashin katako, irin wanda injin gogewa yake zubarwa a shagonsa. Buhu-buhu take aiko mini a adaidaita sahu. Na baje shi ko'ina har kan hanyar wucewa, kuma wallahi ya yi aiki, don sai in kwana biyu ban taɓa bokiti ba.

A damina ta biyu da fara wannan, cikin watan Agusta, aka yi kwana uku ana ruwa kusan ba ƙaƙƙautawa. Ranar Asabar da safe na fita duba tumatir sai na tarar da baƙi. Laimar kwaɗi ce ta fito cikin ɓarɓashin nan, ta kusa ashirin. Farare ne tas, wasu kamar ƙwai a kan tsinke, wasu sun buɗe sun kai faɗin murfin ƙaramar tukunya, da ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa a samansu, da wani zobe a wuya. Gaskiya suna da kyau, amma ni ban taso na ga ana ci ba. Muna yara in muka gan ta a gindin bango da ƙafa muke murƙushe ta, wanda ya taɓa da hannu kuwa Inna, mahaifiyarmu, sai ta sa ya wanke da toka. Na san akwai masu ci, naman kaza suke ce mata, amma wannan ilimi bai shigo gidanmu ba. Na yi niyyar in karya kumallo in zo in share.

Ban kai ga sharewa ba Maman 'Yan Biyu ta yi sallama. Kai-tsaye bayan ɗaki ta wuce kamar yadda ta saba, don ita ma ganin kanta take mai rabo a gandun. Na biyo ta da kofin shayi, sai na same ta a tsugune, ta dafe ƙirji tana kallon abin nan kamar ta tsinci zinare.

Na san halin da take ciki. Mahaifiyarta, tsohuwa ce da ta haura tamanin, a wurinta take zaune. Zazzaɓi ya kwantar da ita a farkon damina. Zazzaɓin ya tafi, amma ya tafi da cin abincinta. Shayi ta kurɓa sau biyu ta kau da kai. An yi mata doya, an yi farfesun kifi, ni ma na aika kunun gyaɗa har sau uku, duk haka suke dawowa. Likita ya ce ba sauran ciwo a jikinta, abinci kawai take buƙata, in kuwa ba ta ci ba ƙarin ruwa ba zai riƙe ta ba. Wata biyu ke nan ba ta fito ko tsakar gida ba. Abu ɗaya take ambata, miyar naman kaza irin ta garinsu. An sayo mata busasshe a kasuwar Sabon Gari, ta sansana ta ture, ta ce wannan ya mutu tun a hanya.

Ƙawata ta ɗago ta ce in bar mata, za ta yi wa Mama miya yau ɗin nan. Na tambaye ta ko ta san irin wannan. Ta ce sak irin wanda ta gani ne a ƙauyensu lokacin da aka kai su hutu tana yarinya. Na ce sau nawa ta gani. Ta ce sau biyu, ko uku.

A nan ya kamata in buɗe baki, ni da ba a san ni da shiru ba. Amma kara ta ɗaure ni. Katakon nata ne. A gidanmu kuma ba a taɓa roƙon ganye an hana ba. Mutum ya shigo gidanka ya nuna abin da kai takewa kake yi, ya ce zai kai wa uwarsa marar lafiya, da wane bakin za ka ce a'a? Ga kuma tsoron kada ta ɗauka ƙyamar abincinsu nake yi. Allah na tuba, da hannuna na ɗauko mata wuƙa da faranti. Ta bi manya-manyan ɗaya bayan ɗaya tana yankewa a tsakiyar kara don kada ta kwaso datti, ta bar gindin a ƙasa. Ta bar ƙananan da wasu biyu da suka tsufa suka fara lanƙwasa. Ko shayin ba ta sha ba ta fita.

Na zauna karyawa, na ture burodin gefe. Na tashi na wanke kwanukan da na riga na wanke. Da na ga abin ya ƙi barina sai na ɗauki hoton waɗanda suka rage na tura wa 'yata ta biyu, wadda take aikin jinya. Ko minti biyu ba a yi ba ta kira. Ta ce ita ba za ta iya gane iri daga hoto ba, kuma duk wanda ya ce zai iya kada in yarda da shi, don mai kyau da mai guba sukan yi kama kamar 'yan gida ɗaya. Ta ce akwai wanda yake sa amai da gudawa cikin 'yan sa'o'i, akwai kuma wanda ya fi muni, mutum ya ci ya sha wahala ya ga kamar ya warke, alhali hanta ce take lalacewa a ciki. Dafuwa ba ta kashe gubar, komai daɗewa a wuta. Sai ta tambaye ni wa zai ci. Da na gaya mata sai ta ce, "Umma, mai ƙarfi ma yana jigata. Tsohuwar da ta yi wata biyu ba ta ci ba, ko mai sauƙin ba za ta ɗauka ba."

Na kira Maman 'Yan Biyu sau biyar ba ta ɗauka ba, na kuwa san halinta, in tana girki a ɗaki take wurgar da waya. Mijinta kuma in inji yana aiki ko aradu ba ya ji. Na zura hijabi a kan kayan aikin gida, na fita da silifas ɗin banɗaki na tare adaidaita. Da muka kai wajen kasuwar Singa muka tarar wata babbar mota ta gitta tana sauke buhunan shinkafa, masu kura sun cika ko'ina, kowa na danna ham ba mai motsi. Na sallami mai adaidaita na kama tafiya a ƙasa. Mace mai jikoki, da ciwon gwiwa, ina tsallake kwata ina ture mutane, har wani ɗan dako yana ce mini Hajiya a yi a hankali. Ban ma san abin da na mayar masa ba, amma na san ba addu'a ba ce.

Gidansu irin na Sabon Gari ne, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, kowa da murhunsa a ƙofar ɗaki. Tun daga zaure na jiyo ƙamshin manja. Na same ta ta wanke abin nan ta yayyanka a roba, agushi yana tafasa, saura kawai ta juye. Ko sallama ban ƙarasa ba na sunkuya na ɗauke robar na rungume.

Na faɗa mata abin da 'yata ta ce, amma ban faɗa da daɗi ba. Haki nake yi, tsoro kuma ya koma mini faɗa. Na ce mata mace da iliminta, wadda ta koyar da kiwon lafiya a aji huɗu shekara da shekaru, za ta ɗauki abin da ta gani sau biyu tana yarinya ta ɗura wa uwarta. Ta miƙe tsaye da ludayi a hannu. Ta ce da ma ta sani, mu duk abin da ba ma ci ƙazanta ne a wurinmu, tun da safe ta ga yadda nake yatsina fuska. Ta ce ni ban san yadda ake kwana ana sauraron numfashin uwa ba. Wannan ta shige ni, don ta san yadda na yi jinyar Inna, har kwana ta taya ni. Na ce to ta kashe ta ɗin, amma ba da abin gidana ba. Har yau in na tuna wannan kalma kunya nake ji.

Matan gidan suka taru. Wata ta ce a jefa cokali a tukunyar, in bai yi baƙi ba lafiya lau ne. Wata ta ce a ba kaza a gani. Wata kuma ta ce in dai ƙwari sun ci to mutum ma zai ci. Duk na riga na tambayi 'yata irin waɗannan a waya, ta ce ko ɗaya ba gwaji ba ne. Na faɗa musu, ba wadda ta saurare ni. Ina riƙe da roba, ƙawata tana riƙe da bakin robar, sai muka ji sanda tana dukan ƙofa daga ciki.

Tsohuwa ce. Ta ce a kawo mata abin da ake wa ihu a kai.

Muka shiga. Na daɗe ban gan ta ba. Ta ƙanƙance a kan gado, wuyan hannunta bai fi kaurin muciya ba. Tun tana amarya ta zo Kano, ta yi shekaru tana sayar da manja da busasshen kifi, Hausarta ta kasuwa ce, ba ta kewaye-kewaye. Idonta ya yi rauni, don haka da hannu ta duba. Ta ɗauki yanka ɗaya ta murza, ta kai hanci, ta ɗauki wani. Ta lalubi ƙasan robar kamar mai neman allura. Sannan ta juya wajen 'yarta ta ce, "Ina jelarsa?"

Ƙawata ta ce wace jela. Nan Tsohuwa ta hau ta da faɗa, rabi da Hausa rabi da harshensu, da wata murya da ban zaci tana da sauranta ba. Ta ce wa ya taɓa yanka naman kaza da wuƙa kamar kabeji? Tonowa ake yi gaba ɗaya, don a gindi ake gane shi. Wanda take marmari a kusa da suri yake fitowa, gidan gara, yana da doguwar jela da ta nutse cikin ƙasa. Ta tambaya a ina wannan ya fito. Aka ce a ɓarɓashin katako. Ta ce na wace bishiya? Muka kalli juna. Shagon kafinta ne, kowane irin katako ana gogewa, har da mai gam da mai fenti. Ta ajiye robar a gefe ta ce ba za ta ce mai kyau ne ba, ba kuma za ta ce mugu ne ba, sai ta je ta gan shi a inda yake tsaye. Ta ce a ɗauko mata zanenta na fita.

Ƙawata ta fara cewa Mama ba za ki iya ba. Tsohuwa ta ce ba shawara ta nema ba. Ana cikin shirya ta aka kira azahar daga wani masallaci can baya. Maman 'Yan Biyu ta buɗe durowa ta ciro dardumar da take ajiye mini tun shekaru, ta jefo mini ba tare da ta kalle ni ba. Na yi salla a gefen gadon. Da na idar na ga ta sauke agushin ta rufe, robar kuma ta ɗaure ta a leda.

A adaidaita muka sa Tsohuwa a tsakiya, ni da ƙawata kowa ya kalli titinsa. Ita kuwa sai tambaya take, nan ina ne, wancan dogon ginin yaushe aka yi shi, ina masu goron da suke zama a nan. Iskar bayan ruwa tana kaɗa mata ɗankwali. Da muka iso muka riƙe ta hagu da dama har bayan ɗaki. Na kawo kujera 'yar tsugune, ta ce a matsar da ita gaban abin.

Da yatsunta ta tona. Ta kama ɗaya daga cikin ƙananan, ta bi karan a hankali tana ture ɓarɓashi, har ta ɗago shi ɗungurungum. Ba jela. Gindin dunƙule yake kamar ƙaramar albasa, ya ɗan kama ɓarɓashin da wasu fararen zare. Ta tono na biyu da na uku, duk haka. Sai ta sa hannu ta tsinko ɗaya daga cikin tsofaffin nan biyu da aka bari, ta kifar da shi ta miƙo mini, ta ce idonta ba ya raba launi, in gaya mata yadda cikinsa yake. Na duba. Na ƙananan fari ne, amma na wannan ya rine, ya yi wani kore-kore mai duhu kamar ruwan kududdufi. Na faɗa mata.

Ta yar da shi ta goge hannu a zaninta. Ta ce, "Iri huɗu na sani. Uwata ce ta nuna mini su, kowanne a inda yake fitowa, shekara da shekaru ina bin ta kafin ta bar ni in tsinko ni kaɗai. Wannan ba ya cikin huɗun. Abin da ban sani ba kuwa ba na ci, ko yunwa za ta kashe ni."

Maman 'Yan Biyu ta zame ta zauna a kan bokiti, ta ɗora kai a gwiwa. Ni kuma, da na zaci zan ji daɗin gaskiyata ta fito, ban ji ba. Tausayinta ne ya kama ni. Abu ɗaya da ta sa rai uwarta za ta ci, ga shi ya tashi a banza, gobe kuma sai a koma kurɓi biyu na shayi.

Tsohuwa ta sa muka tone sauran duka, muka haɗa da na ledar muka ƙulle, ta ce a kai bola inda akuya ba za ta samu ba. Ba ta nuna alamar tafiya ba. Ta ce a shimfiɗa mata tabarma a nan, ta gaji da warin ɗaki. Tana zaune tana shafa ganyen da hannunta ya kai, tana faɗin sunan kowanne da harshensu, tana kushe yadda na jera buhunan. Ta ce tumatir ɗina ya yi kusa da juna, attaruhun kuma yana son a rage masa ganye. Ni da ba a gyara mini aiki, ranar sai to kawai nake cewa.

La'asar ta gabato, na tuna ban ɗora komai ba, Malam kuma yana hanya. Abin da ya fi sauri na kama. Na tsinko rama a bakin katanga, na ɗora faten tsaki a murhun gawayi nan kusa da su don kada in bar baƙi su kaɗai. Na daka gyaɗa da daddawa na zuba. Ƙawata ta taso ta karɓi wuƙa ta yanka albasa.

Da ramar ta fara nuna, tsaminta ya tashi, sai Tsohuwa ta ɗaga hanci. Ta tambaya fate ne? Na ce shi ne, Mama. Ta ce shekarar da ta zo Kano, tana da cikin fari, komai ta ci sai ya dawo, wata maƙwabciyarsu Bazazzagiya ce ta riƙa yi mata wannan. Ta ce ta fi shekara arba'in ba ta ko tuna da shi ba. Can ta ce a ɗan sa mata a murfi ta ji ko na iya.

Na zuba ludayi ɗaya a ƙaramin kwano, na fifita, na miƙa mata da cokali. Na koma bakin murhu na yi kamar ina gyara wuta. Maman 'Yan Biyu ta juya baya tana fuskantar tanki, wai wanke hannu take, amma ko famfon ba ta buɗe ba. Sai ƙarar cokali a jikin kwano muke ji, a hankali, ta tsaya, ta sake. Ina ƙirgawa a zuci har na kai tara, daga nan na ji ana kankare ƙasan kwano.

"Hajiya," in ji Tsohuwa, "gishiri bai ji ba. Ƙaro mini, ko na biyun zai fi."

Na kai hannu zan ɗauki ludayi, ƙawata ta riga ni. Garin sauri, rabin faten a kan ƙafata ya zube, da zafinsa. Na riƙe mata kwanon ta sake ɗebowa.